Tsutsa Bakwai a Kwanon Baiwa

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Badariya shekarun da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ya san warin hayaƙin Baiwa. Mutuniyar Argungu ce, aure ya kawo ta Birnin Kebbi tare da sana'ar da ta gada wurin kakarta, wato cire wa yara tsutsar haƙori. Takan zuba 'ya'yan gautan kura da man shanu a kasko mai zafi, ta ɗora shi cikin kwanon ruwa, ta kifa mazurarin duma. Yaro ya kafa baki ya sha hayaƙi, can sai ga fararen tsutsotsi kamar zare a cikin ruwan. Uwa ta ƙirga, ta yi hamdala. Lokacin ma'aikata sun cika gari, alawa ta cika tebura, haƙoran yara sai ruɓewa suke yi. Baiwa kuwa ba a ambatar asibiti a gabanta. Wai likita ya taɓa ganin tsutsar da idonsa?

Wata Laraba da hantsi ta gama haɗa wa wani yaro hayaƙi, ya fizge ya ruga, uwar ta bi shi. Baiwa ta ɗaga mazurarin. Tsutsa biyar a ruwa, alhali ba wanda ya kafa baki. Ta fasa ƙwayar gauta ɗaya da farce, ga farin zaren nan kwance a ciki. Ashe shekara ashirin zaren cikin gauta take nuna wa iyaye.

Ƙwayar na hannunta Alake ta yi sallama, Bayarabiyar maƙwabciyarta mai sayar da kwanuka. Tana riƙe da 'yarta Ayomide mai shekara biyar, kunci ya kumbura har ido ya rufe.

"Inna Baiwa, babanta ya ce a kai ta asibiti. Na ce sai na ji ta bakinki."

Gaskiya ta taho mata har maƙogwaro. Amma ga mata uku a tsakar gida suna jira da 'ya'yansu, duk sun zuba mata ido. Kunya ta rinjaye ta.

"Asibitin mi? Haƙorin da baɗi shika hwaɗuwa da kainai? Kawo ɗiyar nan."

Tsutsa bakwai suka fito, Alake ta tafi tana godiya. Kwana huɗu aka zauna jiran sauƙi, kumburi ya gangara wuya, zazzaɓi ya rufe yarinyar. Ranar da aka kai ta asibiti a ranar aka dawo da gawarta.

Baiwa ta fasa kaskon, ta ce wa mutane hayaƙi ne ke kama mata ƙirji. Duk uwar da ta zo sai ta kora ta asibiti, har da faɗa. Ba ta ƙara sa man shanu a wuta ba. Da sa'o'in Ayomide suka fara famfara suna shigowa da giɓi suna dariya, sai ta riƙa shigewa ɗaka, don fuskar yarinyar take gani da kumburarren kunci.

Da Alake ta zage ta, da Baiwa ta sami sauƙi. Amma shekara da shekaru, duk Juma'a sai Alake ta kawo mata kwanon abinci da hannunta, ta durƙusa.

"Allah ya saka, Inna. Ke kam kin yi iya ƙoƙarinki. Bakwai kika cire mata, da idona na ƙirga."

Kowace Juma'a Baiwa takan buɗe baki za ta faɗi gaskiya, sai ta ji kanta ta ce amin.