Kunnen Usta Jaji da Babur ɗin Kito

A unguwar Mahjar da ke kudancin Jidda, in babur ɗinka ya fara tari, ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka tura shi garejin Usta Jaji, wato oga Jaji, ka tayar, ka ja bakinka ka yi shiru. Zai karkata kai ya lumshe ido, kafin ka gyara tsayuwa ya faɗa maka ciwon. A Jidda aka haife shi, jikan wani Bakatsine da ya zo Hajji da ƙafa bai koma ba. Shekara arba'in yana sana'ar nan, bai yarda da na'urar gwaji ba, kuma iyakar nisan da ya taɓa yi Madina ce. Kunnen nan nasa shi ne abin taƙamarsa a duniya.

Ɗansa Nawaf kuwa, mai shekara talatin, ƙafar Bakatsinen nan ya gado. Ya tara hutun aikinsa ya ce zai ratsa Kudancin Amurka a kan babur. Usta ya yi faɗa har ya gaji. Da ya ga bakin alƙalami ya bushe, sai ya karɓi tsohon babur ɗin ya warware shi kaf, ya sake haɗawa da hannunsa, sannan aka loda shi a jirgin ruwa. Ya ce wa matarsa Saudatu ta kwantar da hankalinta, injin da ya saurara ba ya yasar da mutum a hanya.

Sati uku Nawaf yana bin gaɓar teku lafiya lau. Ranar da ya shiga Kito, babban birnin Ekwado, sai ga saƙon muryarsa ya iso wa Usta bayan la'asar: babur ya rasa ƙarfi, salansa na fitar da baƙin hayaƙi. Ya haɗa da ƙarar injin.

Usta ya saurara sau biyar. Ƙarar ta ce masa mai ya yi yawa. To, ta yaya? Shi ya saita kafireta, kuma ba wanda ya taɓa ta. Ya sa Nawaf ya canja fulogi, aka canja. Ya ce a wanke matatar iska, aka wanke. Ya zargi man fetur ɗin mutanen can, aka zubar aka sayi wani. Ƙara tana nan yadda take. Har ya jawo wani babur irinsa a gareji ya tayar, ya kara waya a kunne ɗaya, ɗayan yana kan injin, ya tsaya kamar wanda ya manta raka'ar da yake.

Tsoro ya kama shi sosai, kada dai kunnen ne ya fara gazawa. Da ya kai kukansa gida, Saudatu, maimakon lallashi, sai ta tuna masa ai kwanan nan ƙure muryar talabijin yake yi. Washegari mutum biyu suka kawo gyara, ya ce su je gaba, yau ba ya jin daɗi.

A rana ta uku ya sake kunna saƙon ƙarshe. Da ma da ƙarar injin ta tsaya yake kashe saƙon, amma wannan karon ya bar shi ya ƙare. Sai ya ji Nawaf yana bayani, kalma biyu ya ja numfashi, kalma uku ya sake ja. Nan take ya kira shi.

"Ya waladi, ɗana, gudu ka yi kafin ka yi maganar nan?"

"La, Abuya. A'a Baba, a tsaye nake."

Da ƙyar Nawaf ya faɗi sauran. Tun isowarsa kansa ke sarawa, matakalar masauki ma sai ya huta sau biyu. Mutanen garin sun ce birnin a kan duwatsu yake, iskarsa ba ta isar baƙo. Bai faɗa ba don kada mahaifiyarsa ta tada hankali, kuma bai ga abin da ya haɗa wannan da inji ba.

Usta bai gane yadda gari guda zai rasa wadatar iska ba, har yau ma bai gane ba. Amma ya gane injin da yaron abu ɗaya suke nema: iska ce ta yi kaɗan, shi ya sa mai ya yi yawa, kunnensa kuma lafiyarsa ƙalau. Ya zaci zai yi murna, sai kunya ta rufe shi. Kwana uku ke nan yana sauraron ƙarfe.

Nawaf ya tambaya ko ya sake tayar da babur ɗin ya ji.

"Halas, shi ke nan, rabu da shi," in ji Usta. "Ka nemi likita yanzu. In ka fito ka kira ni, kai nake so in ji."