Ranar da Aka Raba Alewar Delu

Delwar ɗan Mottaleb mai alewa, wanda ake kira Delu, bai taɓa zuwa na ɗaya a komai ba, bai kuma taɓa yi wa kowa alfarmar zuwa na ƙarshe ba. Tsaka-tsaki Allah ya yi shi. Shi ba dogo ba, shi ba gajere ba. Ba a ce masa kyakkyawa, ba a kuma tsorata yara da shi. Ko malamansa sai sun dube shi sun sake dubawa kafin su ce, "Af, Delu ne, wan Shahriar." Wanda ake ganewa da sunan ƙanensa kuwa, ai ka san labarinsa.

A garin Sirajganj, ranar da sakamakon jarrabawar sakandare ya fito ranar masu alewa ce. Duk gidan da ɗansu ya ci makin ƙoli sai sun sayi alewar madara da ake kira roshogolla tukunya-tukunya, su bi maƙwabta suna rabawa. Wanda ya karɓa ya jefa ɗaya a baki, ya sa albarka, ya koma ciki ya zagi nasa ɗan. Gidan da aka faɗi, ko aka ci da ƙyar, sai su rufe ƙofa kamar an yi musu rasuwa. Mottaleb ya fi kowa riƙon wannan doka, don da ita yake ci. Tun jajibiri yake dafa madara, ya tsinke ta, ya mulmula cukwinta ƙwallo-ƙwallo, ya zuba cikin ruwan sukari, kafin azahar ba a samun ko ɗaya a shagonsa.

Shekarar da Delu ya yi tasa jarrabawar, ya shigo shago a guje, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf, bakinsa har kunne.

"Abba, na ci!"

"Ka ci me?"

"Na tsallake dai, Abba. Ina tsakiya."

"Akuya ma tana tsallake kwata," in ji Mottaleb, ko ɗago kai bai yi ba. "Ɗauki tukwanen nan ka kai gidan likita, 'yarsu ta ci makin ƙoli."

Delu ya ɗauka ya kai. Da shekarar Shahriar ta zo, yaron ya tashi da makin ƙoli har hotonsa ya fito a jarida, Mottaleb ya raba alewa daga ofishin 'yan sanda zuwa bakin kogin Jamuna, har matuƙan jirgin ruwa sai da suka lashe yatsa. Wa ya yi dakon tukwanen a ka? Delu. Yana tafe yana washe baki, ka rantse shi ya ci.

Daga nan abin ya zama wasan uba da ɗa. Duk shekara, ranar sakamako, suna ɗaure bakin tukwane sai Delu ya ce, "Abba, nawa fa? Yaushe za a raba?"

"Ranar da ka zo na ɗaya a wani abu."

Keramat wanzami, wanda shagonsa ke jingine da nasu, bakinsa kuma ya fi askarsa kaifi, sai ya leƙo ya ce, "Mottaleb Bhai, ɗan'uwana, ka raba mana yau. A barcin rana ɗan nan naka ba shi da na biyu a faɗin gundumar nan."

"Chacha, baffana, kai ma ka jira ranar da za ka yi aski ba ka yanki kunnen mutum ba, sai a haɗa da taka a raba," in ji Delu.

A yi dariya, Mottaleb ma ya yi. Bai taɓa tsayawa ya dubi fuskar ɗansa bayan dariyar ta lafa ba.

Shahriar ya tafi Dhaka, daga can ya wuce Kanada. Ɗa ne nagari, ba a raba shi da kiran waya, kuma hotonsa da hular kammala karatu yana rataye a shago, sama da sikeli. Delu ya zauna. Ya auri Shefali, mace mai ƙarancin magana. Da gwiwoyin Mottaleb suka fara yi masa gardama, Delu ya karɓi murhu. Alewarsa ba ta fi ta ubansa ba, ba ta kuma kasa ba. Haka rayuwarsa ta yi ta tafiya, daga madara sai masallaci sai bencin ƙofar shago.

Abu ɗaya ne yake haɗa su faɗa. A kowace dahuwa akan sami roshogolla da suka fashe a tukunya, ba mai saye. Ranar sakamako, in an gama kai wa masu nasara nasu, sai Delu ya tattara fasassun a kwano, ya lulluɓe da gefen zanen lungi da ya ɗaura a ƙugu, ya bi gidajen da aka rufe ƙofa.

"Kai wane irin sakarai ne?" Mottaleb yakan ce. "Ana kai wa wanda ya faɗi alewa? Za a ce ba'a muke yi musu! Ka zubar mini da mutunci a gari."

"Ta baya nake shiga, Abba. Ba mai gani."

"Allah ya shirye ka."

"Amin, Abba."

Shekara mai zuwa ya sake.

Ko mutuwarsa ba ta zo da abin ba da labari ba. Bai ceci kowa daga kogi ba, mota ba ta buge shi ba. Wata la'asar ce a farkon damina, bai ma kai shekara arba'in ba, yana juya madara ya ce ƙirjinsa ya riƙe, bari ya ɗan zauna. Ya zauna a kan buhun sukari, ya jingina da bango. Mottaleb yana daga gaban shago yana yi masa tsiya, wai madara za ta kama. Madarar ta kama kuwa.

A wurin jana'iza Mottaleb ya ga abin da ya ɗaure masa kai. Ya san dangi, ya san 'yan kasuwa, amma ga wasu sahu-sahu da bai san me ya haɗa su da ɗansa ba: matuƙan keken haya na riksha, teloli, wani mai gyaran fanka, wani ma'aikacin gidan waya. Bayan an rufe shi, mai gyaran fankar ya riƙe hannun Mottaleb da hannu biyu.

"Chacha, shekarar da na faɗi, babana ya rantse ba zai ƙara kallona ba. Ina zaune a bayan gida ina tunanin faɗawa kogi, wallahi kogi nake tunani, sai ga Delu Bhai ta kan katanga da kwano. Ya ce, 'Buɗe baki. Fasasshiya ce, amma zaƙin ɗaya ne.' Ya zauna muka cinye tare. Bai yi mini wa'azi ba, hirar ƙwallo kawai muka yi har magariba."

Wani ya matso ya faɗi irin wannan. Wani ma haka. Mottaleb yana ta gyaɗa kai kamar yana ji, alhali abin da ke yi masa amo a kunne muryarsa ce shi kansa, tana maganar akuya da kwata.

Ba a yi sadakar arba'in ba sakamakon bana ya fito. Masu saye suka zo suka tarar da shago a rufe, amma hayaƙi na tashi ta baya. Tsoho ne da gwiwoyinsa marasa biyayya, shi kaɗai a gaban murhu. Bai sayar da ko ɗaya ba. Ya tsince fasassun ya ajiye gefe, ya cika tukwane da lafiyayyu zalla, ya sa farar riga, ya ɗauki riksha.

Gidan likita ya fara zuwa. Matar gidan ta buɗe ƙofa, ta ga mai makoki riƙe da tukunyar murna, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Chacha, Shahriar ne ya ƙara wani digirin?"

"Na Delu ne," in ji shi. "Ɗana ya ci jarrabawa."

Ta karɓa da hannu biyu.

Haka ya bi gari, masu buɗaɗɗiyar ƙofa da masu rufaffiya, wannan karon ta gaba yake ƙwanƙwasawa. Wasu suka ce baƙin ciki ya taɓa tsoho. Da ya iso shagon Keramat, wanzamin ya ɗauki ɗaya, ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, tsiyar ta ƙi fitowa. Ya tsaya riƙe da alewa, ruwan sukari yana gangarowa har gwiwar hannunsa.

Tukunyar ƙarshe gida ya kai. Shefali tana zaune a tsakar gida cikin farin mayafin takaba, tana tsince shinkafa. Ya ajiye a gabanta, ya durƙusa da ƙyar.

"'Yata, ta mijinki ce. Na makara."

Ta dubi tukunyar.

"Ya san za ka raba, Abba," ta ce. "Duk shekara in ya dawo da kwanon nan wayam, yakan ce mini, 'Abba bai hana ba, aiki ne ya yi masa yawa. Baɗi zai tuna.'"

Mottaleb ya kai hannu zai kwance igiyar bakin tukunyar, irin ɗaurin da ya yi ta yi tun yana saurayi. Ya ja, ya sake ja, yatsunsa suka kasa.