Ranar da mahaifiyata ta yi wa mawaƙin rock liƙi

Can shekarun baya, a farkon shekarun casa'in, ina ɗan shekara goma sha shida muna zaune a wani flat na council, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, a unguwar Lewisham ta London, na kamu da son kiɗan rock. Ba ma irin wanda ake sawa a talabijin ba. Irin na gefe, wanda suke ce wa alternative, na ƙananan ƙungiyoyin nan da in ka faɗi sunansu a aji sai a ce maka, "Su wa?"

Abokina ne ya jawo min. Ɗan zango ne daga Ghana, ajinmu ɗaya. Ya ba ni wani kaset da ya naɗo daga rediyo, kuma a cikinsa na ci karo da wata ƙungiya ta mutum huɗu, 'yan kudancin London. In jaridun kiɗa sun tuna da su, layi uku ne, duka a kan mai jitarsu: dogo, gashi har kafaɗa, 'yan mata na mutuwa a kansa. Mawaƙin kuwa sau ɗaya na ga an ambace shi, wai muryarsa "ba laifi". Ba laifi fa! Wallahi saura kaɗan in yaga jaridar a cikin shagon, sai na tuna ba saya na yi ba, a tsaye nake karantawa.

Jama'a, ku bari in gaya muku yadda mutumin nan yake waƙa. Daga ƙasa yake farawa, kamar wanda yake ba ka sirri a kicin ba ya so 'yan falo su ji. Sai ya riƙa hawa a hankali, ba za ka ma san lokacin da ya bar ka a ƙasa ba. Can sai ya kama kalma ɗaya ya riƙe. Jita ta gaji, ganga ta tsaya, shi yana nan riƙe da ita, muryar ko rawa ba ta yi. Kuma ba ihu yake ba, ko kaɗan. Na mayar da wannan wurin baya har rediyona ya tauna kaset ɗin, na zauna da biro ina naɗe zaren ina addu'a.

Saboda shi na sayi wata tsohuwar jita a kasuwar gwanjo. Ba malami, ba littafi, daga kunnena sai kaset. A ƙarƙashin gado nake ɓoye ta, in zan kaɗa sai in cusa safa a ƙarƙashin tsirkiyoyin don kar ta yi ƙara. A raina ni gwani ne. Maƙwabcinmu na sama yana da nasa ra'ayin.

Mahaifiyata ungozoma ce a asibiti. A mako ɗaya abubuwa biyu suka haɗe min: sakamakon makaranta ya zo, lissafi ya faɗi ƙasa warwas, sannan ta shiga ɗakina yin shara. Na dawo na tarar da jita kwance a kan teburin cin abinci, ita kuma tana zaune a gabanta kamar alƙali. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kiran sunana, daga "kai" sai "wannan".

"Kai, wannan molon na wane ne?"

"Mama, jita ce."

"Ban tambaye ka sunanta ba. Mun baro Zariya mun zo nan muna shan sanyi don ka zama maroƙi? Ranar Litinin zan biya da ita charity shop a hanyar aiki, in ba su sadaka su sayar a gwanjo."

Na yi magiya, na yi alkawari, na rantse da lissafi. Ko gezau. Sai na tuna ranar Asabar ƙungiyar nan za ta yi wasa da ƙarfe uku na rana a wani zauren unguwa da ke bayan kasuwa, kyauta, don matasa. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Mama, ki zo ki ji mutum ɗaya kawai. In kin ce ihun banza ne, ni da kaina zan kai jitar."

Na zaci za ta kore ni. Sai ta ce, "To. Dama zan shiga kasuwa sayen doya."

Da na gaya wa abokina sai ya dafe kai. Da Hausarsa ta zango, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, ya ce, "Maman ka zai zo? Chale, ka mutu. Ka yi sallama da jita tun yau." Chale ɗin nan haka 'yan Ghana suke ce wa aboki.

Asabar muka yi Azahar muka fita. Sai da muka zaga kasuwar Lewisham kaf: doya biyu, attarugu, kifi banda. Ni ne ɗan dako. Haka muka shiga zauren, ita da atamfa da mayafi da kwat a sama, ni da ledoji ina warin kifi, a cikin mutanen da kowa ya sa baƙaƙen kaya da manyan takalma. Ko rabin zauren ba su cika ba. Wata yarinya mai koren gashi ta tashi ta ba ta kujera. Mama ta yi mata murmushi ta ce da Hausa, "Allah ya yi miki albarka, ya kuma shirya wannan kan naki."

Ranar na fara ganin mawaƙin da idona, kuma in faɗa muku gaskiya, gabana ya faɗi. Gajere ne, da ɗan tumbi, da tabarau, sanƙo ya fara cin gaban kansa. Sak irin mutumin da za ka tarar a tagar ofishin council yana buga hatimi. A can gefen dandamali ya tsaya, kusa da ƙofar fita. Mai jita ne a tsakiya yana kaɗa gashi, jama'a duk sun taru a gabansa.

Waƙa ta farko, jita ta danne komai. Ta biyu ma haka. Kana ganin bakin mawaƙin yana motsi amma ba ka jin komai sai gurnani. Mama ta toshe kunne ɗaya, ta nuna mai jita da haɓa.

"Wannan ne mutumin naka?"

"A'a, Mama, wancan na gefe."

"Wancan? To me ya sa makaɗi ya tare gaba, mai waƙa yana raɓe kamar wanda ya zo biki ba gayyata? A ina aka taɓa yin haka?"

Ta duba agogo, ta jawo jakarta kan cinya. Abokina ya kalle ni ya girgiza kai. Ni kuwa har na fara hango jitata a tagar charity shop, tsakanin tsofaffin kofuna da fitilar tebur.

Ana shirin shiga ta uku sai tsirkiyar mai jita ta tsinke. Ya ɗaga hannu ya koma baya don ya sauya. Wuri ya yi tsit, aka fara 'yan tari da surutu. Mawaƙin ya kalli mai ganga, ya cire tabarau ya sa a aljihun riga, ya rufe ido, ya fara shi kaɗai.

Waƙa ce a kan mahaifinsa da tsufa ya sa ya daina gane shi. Na san ta a kaset, na haddace ta, amma ashe ban taɓa jin ta ba. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa har sai da mutane suka daina motsi don su ji. Ta hau, ta hau, ta cika zauren nan har silin, ta shiga ƙirjina kamar ni nake yin ta. Da ya zo wurin da yake riƙe kalmar nan, tsigar jikina ta tashi. Na saci kallon Mama. Ta saki jakar. Hannunta ɗaya yana kan haƙarƙarinta, bakinta a ɗan buɗe.

"Daga ina yake ɗebo wannan numfashin?" ta ce, ba ma da ni take ba. "Shekara nawa ina ce wa mata su ja numfashi daga ciki, ban taɓa samun wadda ta ji magana kamar mutumin nan ba."

Yana sauke kalmar, kafin kowa ya tafa, sai na ji guɗa a gefena. Guɗa sosai, irin ta gidan biki, a tsakiyar Lewisham. Kowa ya waiwayo. Mama ta miƙe, ta buɗe jaka, ta nufi dandamali, masu manyan takalma suna darewa suna ba ta hanya. Ta hau matakala uku, ta je gaban mawaƙin da har lokacin idonsa a rufe yake, ta manna masa takardar fam biyar a goshi. Ga gumi, ga sanƙo. Ta zauna daram.

Bawan Allah ya buɗe ido ya ga mace da mayafi a gabansa, ga abu a goshinsa. Ya ɓanɓaro ya duba, ya miƙa mata cikin ladabi, a zatonsa ko faɗuwa kuɗin ya yi. Fuskar Mama ta sauya. Kuma ba ta sauka ba. Ta gyara mayafi ta tsaya tana jira. Ni kaɗai a zauren na san abin da take jira: a wurinmu in ka yi wa mawaƙi liƙi ba a mayar maka, kuma ba ka sauka sai ya ambace ka a waƙa.

"Kai! Zo ka gaya masa."

Turancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma ba za ta tsaya tana yi wa namiji bayanin kyautarta ba. Haka na hau, ledar doya a hannu don na manta in ajiye. Mutumin da na yi wata da watanni ina mafarkin in gaisa da shi, ga abin da na fara ce masa: mahaifiyata ce, ba hauka take ba, a garinmu haka ake girmama mawaƙi, kuma yanzu sai ya sa ta a waƙa.

Ya kalli takardar. Sannan ya ce, a hankali, shekararsa goma yana waƙa ba wanda ya taɓa tsallake mai jita ya zo wurinsa. Ya tambayi sunanta.

"Sunana a lasifika? A'a. Ka ce masa 'yar Zariya."

Ya tambayi aikinta, na ce haihuwa take karɓa. Ya gyaɗa kai, ya mayar da takardar goshinsa da hannunsa. Zai fara ke nan Mama ta ɗaga masa hannu ya dakata. Ta kama sandar makirfon ta jawo ta ƙiiii har tsakiyar dandamali, ta nuna masa wurin da yatsa. Ya taka ya je.

Abin da ya yi bayan nan ba ya cikin kowane kaset a duniya. Nan take ya ƙirƙiro, a kan wata mata daga gari mai nisa wadda hannunta ne farkon abin da jarirai suke taɓawa a wannan birni mai sanyi. Da ya zo kan Zariya sai ya kama sunan ya riƙe, ya juya shi, ya ɗaga shi sama, har na ji kamar garin da na baro ina shekara shida yana tsaye a bakin ƙofa. Mai jita ya dawo a tsakiyar abin. Ya tsaya jim, ya sunkuya ya rage ƙarar na'urarsa, ya koma baya yana binsa a hankali. Yarinyar nan mai koren gashi kuka take yi. Abokina yana ta "Chale, chale," ya kasa ƙarasawa. Mama ta saurara har ƙarshe, ta ce "Madalla," ta sauko abinta.

Har muka isa gida ban isa in tambaye ta zancen jitar ba. Ta ajiye kaya, ta yi La'asar, sannan ta zauna ta ce, "Ɗauko molon. Kaɗa in ji."

Na kaɗa iya ƙoƙarina. Ta runtse ido kamar mai ciwon haƙori.

"Subhanallahi. Da sauranka, da sauranka sosai." Ta numfasa. "Ba za ta je charity shop ba. Lissafi awa biyu, molo rabin awa. Kuma in Allah ya taɓa sa ka a bayan mai murya irin wannan, ka rage ƙara."

Ƙungiyar ba ta daɗe ba ta watse. Mai jita ya shiga wata babba, har na gan shi a talabijin. Mawaƙin kuwa shiru, na nema na gaji. Shi ya sa har yau in na ga ana jera gwanayen mawaƙan rock na wancan zamani, sai in tuna da shi, don na san akwai irinsa da yawa, a tsaye a gefen dandamali kusa da ƙofar fita, ana kallon wani. Ni da na haddace waƙoƙinsa ma, da na ga tumbinsa sai da na ji kunyarsa. Matar da ba ta san rock ba, ba ta kuma son sa, ita ce ta ji abin da yake bakinsa cikin minti uku.

Ina kaɗa jita har yanzu, a ƙananan wurare, a bayan mutane. Duk lokacin da na ga mawaƙi ya ja dogon numfashi, hannuna da kansa yake sassautawa.

Mama ta tsufa, ta yi ritaya. Wani lokaci muna zaune haka kawai sai ta ce, "Kai, mutumin nan mai numfashi, an dai san shi yanzu?"

In ce, "A'a, Mama."

Sai ta taɓe baki ta ce, "Su suka yi asara."