Kujerar Baffa Ɗanjuma

Duk wanda ya san Baffa Ɗanjuma, ƙanin mahaifina, ya san farar kujerarsa ta roba. Tun da ɗaukar buhun masara a kasuwar Muda Lawal ya taɓa masa ƙugu, ba ya zuwa ko'ina sai da ita: suna, ta'aziyya, masallaci. A keke mai ƙafa uku ma rungume ta yake yi.

"Alhaji, a ɗaura ta a sama mana!" in ji wani direba.

"Kai ka hau saman. Ta fi ka sanin darajata."

Ni kuwa Malam Wataƙila yake kirana, wai tun da na gama jami'a bai ji na ce e ko a'a ba. Ina ganin akwai ƙari a maganar, ko da yake ban rantse ba.

An yi ƙaho, an yi shafe-shafe, ciwon sai sauka yake har ƙafarsa ta fara mutuwa. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ɗaga hoton bayansa yana nuna inda ƙashi ya danne jijiya. Baffa ya ƙura ido, ya girgiza kai.

"Likita, wannan ba nawa ba ne. Nawa ya fi haka lalacewa!"

Aka ce sai tiyata. Ya ce fau-fau, shi ba ragon layya ba ne. Na ɗauka magana ta mutu. Sai wata Juma'a, muna fitowa daga masallacinmu na Gwallaga, ya tsaya ya dafa kujerar.

"Shekara nawa ina salla a zaune kamar mai jiran shayi? Goshina ya manta ƙasa. Je ka ce su wasa wuƙar."

Nan hankalina ya tashi. Na bincika duk haɗarin aikin a waya, na zo ina jera masa: mai yiwuwa a dace, mai yiwuwa kuma ƙafar ta tafi gaba ɗaya. Ranar aikin ma gumi nake, har na jingina da bango. Ana tura shi a gado ya ɗago kai.

"Sista, a ba yaron nan kujerata. Ni za a yanka, shi ke suma!"

Aiki ya yi kyau, Baffa kuma bai ji daɗin hakan duka ba. Da, in wa'azi ya yi tsawo ko surukai sun zo, sai ya kama ƙugu ya sulale. Yanzu Inna Hajara, matarsa, cewa take, "Ai an gyara, zauna!" Har ƙarata ya kai wa mahaifina, wai na raba shi da babban lauyansa.

Ranar da likita ya yarda masa ya sunkuya, ya je masallaci da kujerar kamar kullum, ya miƙa wa wani tsoho. A nafila ya yi sujada, ya ƙi ɗagowa. Na jira, na jira. Raina ya ce bayan ne ya ƙage. Na matsa na taɓa kafaɗarsa a hankali.

Sai da ya sallame ya juyo, gemunsa a jiƙe.

"Malam Wataƙila, mutum ya daɗe bai je gida ba, ka zo kana ƙwanƙwasa masa ƙofa?"

Bara ya rasu, ba ma da ciwon bayan ba. Kujerar na nan a sahun baya, tsofaffi na karɓa-karɓa. Allah Ya karɓi doguwar sujadar nan, Ya shimfiɗa masa makwanci mai laushi. Wannan kam, Baffa, ban ce wataƙila ba. Amin.