Ƙugiyar da ke fisgar ƙarfen jini

Har yau ban manta da wata Lahadi, ranar kasuwar Filinge, a watana na biyu a ɗakin jinyar yara masu tamowa. Sabon jami'in jinya ne ni, ina ƙarƙashin majo, wato shugabar ma'aikatan ɗakin, Hajiya Rabi.

Da hantsi wata mata daga ƙauyen Kurfai ta kawo 'yarta Zali, mai shekara biyu, ta rame, jikinta zau da zazzaɓi. Na duba idonta da tafin hannunta, fari fat. Nan take na rubuta maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe. Ƙa'ida ce majo ta ga takarda kafin a ba da magani.

Ta karanta, ta janye ni gefe, inda uwar ba za ta ji ba.

"Ɗana Isuhu, kan mi ka yi bincikenka na ƙare lakkol?"

Na ce, "A makaranta na yi shi kan yadda ƙwayoyin cuta ke samun ƙarfe, Hajiya."

"To, hwaɗa mini."

Na bayyana mata da alfahari. Idan cuta ta shiga, jiki yakan ɓoye ƙarfensa domin ƙwayoyin su rasa abin hayayyafa. Su kuma sai su saki wasu ƙananan sinadarai masu riƙe ƙarfe gam, su fisgo shi su shigar da shi cikinsu, kamar yadda ake zura ƙugiya a rijiya a ciro guga.

Ta ce, "Madalla. Jikin ɗiyar ga ya ɓoye guga, kai kuma za ka rataya musu shi bakin rijiya?"

Nan na ga cewa ƙwayoyin cutar zan ciyar da ƙarfen da na rubuta. Ni na soke rubutun da kaina.

Likita ya duba Zali, aka fara da maganin kashe ƙwayoyin cuta da madarar jinya. Sai da zazzaɓi ya sauka, ta soma cin abinci tana ƙara nauyi, sannan Hajiya ta miƙo mini takardar.

"Yanzu rubuta ƙarhen naka."

Ranar sallama uwar ta yi ta sa mini albarka. Na nuna mata Hajiya, ita kuwa ta ci gaba da awon wani jariri kamar ba ta ji ba.

Ku da kuka zo bayana, na san ƙugiyar nan a takarda shekara guda, amma a bakin gadon Zali na gane ta. Magani yana da lokacinsa, kuma wanda ya gyara ka a asirce ya ceci mutum biyu. Allah Ya saka wa Hajiya Rabi da alheri.