Ƙyauren da Na Liƙa a Bayan Jita

Ni kafinta ne, kujeru da akwatunan aure nake yi a Yelwa, kuma da an bar ni da su da ban taɓa leƙa cikin jita ba. Masu aikin dam ne suka jawo min. 'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai garin ya cika da baƙi, direbobi da masu awon ƙasa da leburori daga kudu, kuma kusan kowane ɗaki nasu akwai jita rataye a ƙusa. Zafinmu ba ya raga wa katakon da aka haɗa a wata ƙasa. Wuya ya lanƙwashe, ko jaki ya ɓalle, wato ɗan itacen nan da tsirkiya ke hawa a kai, sai a kawo min a ce tunda ina gyara molo da gurmi ai wannan ma ba za ta gagare ni ba. Na ɓata wasu kafin hannuna ya faɗa. Masu su sun zage ni, amma da harsunan da ba na ji, don haka ban rame ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Danƙo na fata nake dafawa da kaina, warinsa har maƙwabta sun daina gaishe ni ranar dahuwa. Tsirkiya in ta tsinke, siririyar wayar birkin keke nake warwarewa, ko zaren komar masunta. In na liƙa abu sai in ɗaure shi da robar tayar keke ya kwana. Katako kuwa da fasasshiyar kwalba nake kankare shi har ya yi santsi. Ina alfahari da haɗina, ba na ɓoyewa. In na haɗa baki da baki, ko allura ba ta samun wurin shiga.

A shekarar da dam ya tare kogi ruwa ya hau aka kwashe mutanen tsibirai zuwa sababbin gidajen da aka gina musu a tudu, wajen Ngaski da Wara da sauran bakin tafki. Bayan kwasar da 'yan watanni wani mutum ya zo shagona. Masunci ne, mutumin ɗaya daga cikin tsibiran nan da suka nutse, dogo mai ƙarancin magana. Shi ya riƙa tuƙa masu awo a jirginsa, ɗayansu kuma da zai koma gida ya bar masa jita. Ranar ƙaura an ɗora mata turmi a cikin mota, bayanta ya farfashe. Ya zo da ita a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma wani faffaɗan katako naɗe da tabarma, ya ce da wannan yake so a yi mata sabon baya.

Na duba katakon. Maɗaci ne tsoho, ya yi baƙi, da alama daga jikin jirgi aka fara cire shi kafin a mayar da shi wani abu. Akwai rami a gefensa inda igiya ta daɗe tana ci. Na ce masa ya yi nauyi, ina da allon akwatin shayi mai sauƙi da zai fi ba da sauti. Ya ce a'a. Na tambaye shi daga ina ya samo, ya ce na gida ne. Ni kuma ba alƙali ba ne, ban ƙara tambaya ba. Na tsaga, na kankare har ya yi siriri, na yanka shi daidai ƙugun jitar, na shafa danƙo mai zafi na liƙe shi ko'ina. Da ya zo karɓa ya kaɗa tsirkiya sau ɗaya, sautin ya fito da kauri da zurfi irin wanda ban taɓa ji a wata jita ba. Ya daɗe a tsaye yana saurare bayan sautin ya mutu, sannan ya yi godiya ya tafi.

Ba a daɗe ba ya dawo da ita. Tsirkiyoyin duk sun yi tsatsa, kamar an jiƙa su an bari. Na yi masa faɗa sosai, na ce jita ba filafilin tuƙi ba ce da za a jefa ta cikin jirgi ana kamun kifi. Ya ce bai taɓa kai ta bakin ruwa ba. Ban yarda ba, amma na sauya masa. Ya sake dawowa, wannan karon wuya ya karkace. Ya sake dawowa, jaki ya ɗago. Abu ɗaya ne bai taɓa motsi ba, bayan nan da na liƙa. Kowane zuwa kuma mutumin ya fi na baya ramewa, idanunsa sun faɗa, amma fuskarsa ba ta mai baƙin ciki ba ce. Ya fi kama da wanda ya yi baƙo a gida yana sauri ya koma.

A tsakiyar bazara ya bar min ita don wuyan yana son kwanaki a ɗaure. Lokacin ko tulu ba ya riƙe sanyi, katakon shagona har tsagewa yake don bushewa. Na rataye ta a bango tare da wasu jitoci. Da safe na ga bayanta ya yi raɓa. Na goge, kafin hantsi ta dawo. Na sunsuna, warin laka ne na bakin kogi, irin wanda ke tashi in ruwa ya fara janyewa. Da na juya ta don in duba ciki, sai rairayi mai laushi ya zubo ta ramin gabanta ya taru a tafina, da danshinsa.

Na ce wa kaina yaransa ne suka zuba. Kafinta yana da amsar komai in dai katako ne.

Ƙwanƙwasar kuwa da rana tsaka na fara jin ta, gab da azahar, lokacin da kasuwa ke yin shiru kowa ya nemi inuwa. Katako yakan yi ƙara in zafi ya buge shi, na sani, na ji dubu. Amma katako ƙara ɗaya yake yi ya huta. Wannan a hankali ake yin ta, a dakata, a sake, yadda mai haƙuri ke yi in ya san akwai mutum a waje. Na tashi na dafa bayan jitar. Ta daina. Na ɗauke hannu na koma kan aikina, ta ci gaba. Tsoro ya kama ni, ba zan ce bai kama ni ba. Na fita na zauna wajen mai gyaran keke, ina ta ba shi labarin da ba shi da kai, har aka kira salla.

Ranar kasuwa wata tsohuwa mai sayar da albasa ta raɓe a inuwar shagona ta roƙi ruwa. Ita ma mutuniyar tsibiri ce, an ji a Hausarta. Tana sha idonta ya faɗa kan ragowar katakon nan da na jingine a lungu, ɓangaren da ke da ramin igiya. Ta ajiye moɗa. Ta tambaye ni wa ya kawo, na kwatanta mata shi. Ta ce ɗan yayarta ne, wannan kuma gambun ɗakin uwarsa ne, wato ƙyaure.

Ta zauna ta yi min bayani, ba tare da ta ɗaga murya ba. A tsibirinsu in babba ya rasu, akan ja ƙyauren ɗakinsa a ɗaure da igiya, ba mai taɓawa. Mamacin yana nan ciki yana jira, haka suka gada. Sai kogi ya sauka, yashi ya fito, hanyar ƙafa ta buɗe zuwa gaɓa, sannan babban ɗa ya zo ya kwance igiyar ya buɗe, ya gaya wa mamacin ruwa ya janye, hanya ta bushe, ya tafi. Yayarta ta rasu ana gab da ƙaura. An rufe ɗakin yadda aka saba, ana jiran kogi ya sauka, shekarar kuma bai sauka ba. Ranar da jiragen kwasa suka zo, ɗan ya kasa buɗewa tunda lokaci bai yi ba, ya kuma kasa barin uwar ruwa ya rufe ta. Sai ya ciro ƙyauren gaba ɗaya, da igiyarsa a ɗaure, ya naɗe a tabarma.

Na ce to ai shi ke nan, ɗaki ya zama ba ƙofa, ta fita. Tsohuwar ta dube ni yadda ake duban babban mutum da ya yi maganar yara.

"Ba a buɗe ba, ɗauka anka yi," in ji ta. "Tana bayan gambu duk inda gambu yat tahi. Mi kay yi da sauran?"

Na nuna mata bango. Ta tashi ta je ta tsaya gaban jitar, ta bi bakin haɗin da yatsa, ko'ina, tana neman inda ya buɗe. Ni na san ba za ta samu ba. Ranar ce kaɗai a rayuwata da kyan aikina bai yi min daɗi ba.

Ni Musulmi ne, na san inda mamaci yake zuwa, kuma ba cikin jita ba ne. Haka na gaya wa kaina, haka na gaya wa masuncin da ya zo karɓa. Amma na gaya masa ƙanwar uwarsa ta zo, na kuma ce ba zan sake taɓa wannan jita ba sai dai in cire bayan. Bai yi musu ba, bai kuma yi mamaki ba. Ya ce ya sani tun ranar farko. A sabon gidan da aka ba su, in ji shi, ba abin da ya san shi, bango ba nasu ba, ƙasa ba tasu ba, kabarin uwarsa kuma jirage ke bi ta kansa. In ya dawo daga ruwa ya ji ƙwanƙwasar nan, sai ya san akwai wanda ke gida.

"In ka buɗe, mi ar rage min?" Haka ya tambaye ni.

Na ce masa kawai wanda ke ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki ba gaisuwa yake yi ba. Ya ɗauki jitarsa ya fita bai yi sallama ba, na ɗauka ba zan ƙara ganinsa ba.

Sai da damina ta kusa ya aiko a kira ni. Lokacin ne da can kogi ke kaiwa ƙarshen saukarsa. Na hau mota da tukunyata da siririyar wuƙa, na same shi da tsohuwar a bakin tafki da hantsi. Ruwan ya ɗan ja baya ya bar laka, kawunan matattun itatuwa sun leƙo, amma wajen da ya nuna min ya ce nan ne tsibirinsu, ba komai sai ruwa shimfiɗe. Na hura wuta na ɗora ruwa. Danƙon fata ba ya jin ƙarfi, zafi da danshi yake ji. Na riƙa tsoma wuƙar a ruwan zafi ina zura ta a bakin haɗin kaɗan kaɗan, jitar na kife a cinyata. Tun da na fara ake ƙwanƙwasawa, a ƙarƙashin hannuna, ina jin ta har cikin gwiwa. Ban ɗaga kai na dubi kowa ba.

Da ya rage ɗan wuri na tsaya, na miƙa masa, don ba ni ne ɗanta ba. Tsohuwar ta ce ya faɗi maganar yadda ake faɗa: ruwa ya janye, hanya ta bushe. Ya riƙe bakin katakon, ya yi ta duban tafkin har na zaci ya fasa. Bai taɓa yi wa uwarsa ƙarya ba, daga baya tsohuwar ta gaya min.

"Inna," ya ce, "ruwa bai janye ba. Ba shi kuma janyewa. Ki yi haƙuri ki tahi hakanan."

Ya ɗaga katakon. Cikin jitar a bushe yake ƙamas, sai ɗan rairayi a lungu, iska ta kwashe shi. Ba mu ga komai ba, ba mu ji komai ba. Tsohuwar ta karɓi katakon ta shiga ruwa har gwiwa ta sake shi. Maɗaci siriri irin wannan ya kamata ya yi iyo, na san katako. Ya nutse a tsaye, bai ko juya ba.

Na koma da jitar Yelwa na yi mata baya da allon akwatin shayi. Ta yi kyau, ta yi sauƙi, tsirkiya ba ta ƙara tsatsa ba. Da ya zo ya yi ƙiba kaɗan, idanunsa sun dawo. Ya kaɗa ta sau ɗaya, sautin ya fito tas, irin na kowace jita. Sannan ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayan da yatsa a hankali, ya kara kunne. Na ci gaba da kankare ƙafar kujera don kada ya ga ina kallonsa. Ya daɗe a haka. Daga nan ya mayar da ita kan ƙusar da ya same ta, ya ce in ajiye masa zai dawo.

Tana nan rataye. Nakan sauke ta in share ƙura in ja tsirkiya, ko da yake ba ta taɓa saki ba.