Tsohon Gola da Kofin Ƙarfe

Bayan an rushe ganuwar Jidda ne, shekarar da na yaye 'yata ta biyu, lokacin a garwa ake kawo mana ruwa, na kama aikin girki a gidan wani Bafaranshe a unguwar Bagdadiyya. Ba ni na nemi aikin ba. Labarin miyata ne ya je musu.

Maigidan a tashar jiragen ruwa yake aiki. Daga shi sai Madam, sai tsohon ubansa da kowa ke kira Khawaja, yadda ake kiran Turawa a can. Dogo ne, yatsunsa duk a karkace kamar citta. Yana da guntun Larabcin da ya tsinto a soja, da shi muke hira a kicin.

Ya ce mini shi gola ne da ƙuruciya, mai tsaron raga, tun kafin yaƙin Turawa na farko, har ƙasarsu ya tsaya wa. Sauran ranaku akawu ne, ran Lahadi ya ɗora hula ya shiga taɓo, ba safar hannu. Ƙwallon ta fata ce, in ta sha ruwa sai ta yi nauyin tulu. In ya kama, a bangaje shi a tura raga har da ƙwallon, a ce an ci. Na tambaye shi me ke cikin ragar da yake tsaro. Ya ce ba komai. Na ce to.

Da hannunsa ya fara rawa, ya fasa kofunan gilashi, sai Madam ta ce in riƙa ba shi na ƙarfe, irin wanda ake ba direba. Ruwa kawai ya daina sha a tebur, shayi ma ya bari. Tsoho, a zafin Jidda. Leɓensa ya fara tsagewa.

"Hajja," ya ce, "gobe zan bi ki kasuwa. Shaida nake so."

A kasuwar Bab Makka muka tarar ana sauke kankana, wani a kan mota yana jefowa, wani a ƙasa yana caɓewa. Khawaja ya miƙo mini sandarsa, ya ce wa na ƙasan ya matsa.

Na saman ya ce, "Ya Khawaja, koma inuwa, wannan ba lemo ba ne."

"Jefo."

"In ta fashe fa?"

"Ka ci rabi, in ci rabi."

Ya jefo. Tsohon ya ɗan rusuna, ta zauna a ƙirjinsa. Na saman ya ga abin wasa, ya fara jefawa gefe da gangan, shi kuwa yana bin su. 'Yan dako suka taru suna "yalla, ya shayib", wato "maza, tsoho". Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ba wadda ta taɓa ƙasa.

Da azahar na tsaya a gaban tebur na faɗi abin da na gani, maigida yana juya wa Madam da Faransanci. Ta ce a tambaye ni ko hannun ya daina rawa.

Na ce, "Bai daina ba. Abin da aka jefo masa ba ya faɗuwa. Wanda aka miƙa masa ne ba ni da tabbas."

Tsohon ya harare ni. Ni dai shaida aka kira ni.

Maigida ya ɗauki lemo a faranti ya wurga wa ubansa, ba sanarwa. Tsohon ya cafe da hagu, ya hau ɓarewa, hannu na rawa.

"Hajja, kawo masa gilashi," in ji maigida.

Na cika na kawo. Ya shanye tas, kofin yana ƙwanƙwasar haƙoransa, ya ce a ƙaro. Ya fasa wasu bayan nan. Nakan share in kai bolar bayan layi.

A ƙasarsu ya mutu, ɗansa ma na ji ya bi shi. Madam ban san inda take ba. Mai jefo kankanar yana nan, yana zama a shagon atamfar jikansa a Bab Makka, wai a hankali ya riƙa jefawa. Ƙarya yake, ina wurin. Sai kuma ni.